Ƙasa ma asusu ce: garmani, ƙaya da gajiyar makiyaya a ƙasar Ƙonni

Duk macen da ta taɓa cin bashin asusu ta sayi rago don turka ta san inda riba ke zurarewa. Kuɗin rago sau ɗaya ake biya. Cinsa kuwa kullum ne, safe da marece, har ranar da za a ja shi zuwa kasuwa. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, in harawa ta ƙare, kara ya ƙare, sai a koma jiran masu amalanke da masu jakai da ke shigowa gari da haki. Su ma kowace shekara sai sun ƙara nisa kafin su cika amalanke, kuma nisan nan a aljihunmu yake ƙarewa.

Tsofaffi a Tsarnawa, Bazaga, Dogarawa ko Tajaye suna iya nuna miki filin da a da yarinya ke fita da hantsi ta dawo da dami kafin azahar. Filin yana nan, bai tafi ko'ina ba. Sai dai yau ko garmani ya rufe shi, ko ƙaya ta cinye shi, ko ya zama fako, ƙasa ta yi tauri kamar daɓen siminti.

Ƴan uwa, mu da muke cikin ƙungiya mun san wata doka da ba sai an karanta mana ba: akwatin da ake ɗiba ba a zubawa, ranar rabo kunya ake sha. To, makiyaya da filin haki haka suke. Shekara da shekaru ana ɗiba, ba a mayarwa. Garmani da ƙaya da muke gani su ne shaidar cewa akwatin ya kusa kai ƙasa.

Yadda ƙasa ke gajiya

Damina a yankinmu gajera ce, wata uku zuwa huɗu, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. A da abin da ke rufa mana asiri shi ne hutu. Gona ta yi ƴan shekaru ana noma, a bar ta saura, haki ya fito ya mutu a wurin, bisashe su bi ta kai su bar taki. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun rarrabu tsakanin magada, ba mai iya barin gona ta huta. Noma ya ci gefen hurumi, ya matse burtali. Bisashen gari duka, da na baƙi masu wucewa, sai su taru a ɗan abin da ya rage.

Ga abin da ke biyo baya. Da ruwan farko haki mai daɗi ya tsiro, irin su kyasuwa, komayya da gadagi, sai baki ya tsinke shi tun bai yi tsawon yatsa ba. Wanda ya tsira, a yanke shi kafin ya zubar da iri. Da rani kuma a bi da manjagara a kwashe busasshen da ya rage, har da ƴan ƙwayoyin irin da suka faɗi ƙasa. A gona ma haka: kara duka ana kwashewa, harawa duka ana ɗaurewa. Takin gida da ya kamata ya koma can, sau da yawa garakar albasa ke saye, don mai albasar Galmi ya san darajar taki kuma yana biya nan take.

Ƙasar da ta zauna tsirara, iskar bazara ke fara kwashe mata kitse. Ruwan farko ya zo da ƙarfi ya wanke sauran. Kofato ya taka, rana ta gasa, sai fuskar ƙasa ta toshe, ruwa ya daina shiga. Kuma wannan ƙasa da ta tafi ba ɓacewa take ba. Mai yawa daga cikinta na bin ƙoramu ta gangara gulbin Majiya, ta kwanta a madatsun Mozage da Zango, waɗanda su ne ke shayar da babban filin noman rani na Ƙonni mai fiye da hekta 2,400. Laka da yashi na rage ruwan da madatsun ke iya riƙewa. Kun ga kenan, fakon da ke kan tudu da ƙarancin ruwan mai albasa a ƙasa, zance ɗaya ne.

Garmani: baƙon da ya zama mai gida

Kowa ya san garmani: ganye mai laushi kamar an yi masa gashi, ɗan fure rawaya, kara mai tauri. Malaman daji na ce masa Sida cordifolia. Ya mamaye makiyaya da burtali da yawa a jihohin Maraɗi, Tawa, Doso da Damagaram, har ya zama babban abin kuka ga makiyaya.

Dabararsa mai sauƙi ce. Bisashe ba su damu da shi ba in yana ɗanye. Suna cinye maƙwabtansa su bar shi, shi kuma ya samu sarari, ya yi fure, ya zubar da iri ba iyaka. Irin na bin ruwa, yana bin ƙafar bisa, ya zauna a ƙasa yana jiran damina. Shekara uku, huɗu, sai ki ga fili kore shar daga nesa, ki matsa kusa ki tarar ba abin da tunkiya za ta sa a baki.

Abin da aka gwada a wurare da yawa a Nijar ya nuna abubuwa uku.

Na farko, lokaci. Da sanyin safiya ake kama fara. A tuge shi da saiwarsa cikin Yuli zuwa farkon Agusta, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, kafin ya yi ƴaƴa. Sassabe shi daga sama ɓata ƙarfi ne, zai sake tohowa. Wanda aka tuge bai yi iri ba, a shimfiɗa shi kan fako ya ruɓe, ko a zuba ramin taki. Wanda ya riga ya yi iri kuwa a tara shi wuri ɗaya a ƙone cikin kula, kada wuta ta kuɓuce.

Na biyu, kada a bar wurin fili. In an cire garmani ba a sa komai ba, irinsa da ke kwance a ƙasa shi zai fara tashi. Dole a watsa irin haki: kyasuwa, komayya, gadagi, gamba a gefen kwari. A wasu wurare har yakuwa ake watsawa da kauri, don tana saurin tashi ta yi masa inuwa ta danne shi, ga ganyen miya ga kuma irin da ake yin daddawar batso da shi. Amma wannan a filin ƙungiya ko gonar mutum ake yi. A makiyayar gari sai da yardar jama'a, don kada a ce noma aka shigo da shi ta bayan gida.

Na uku, haƙuri. Aikin shekara ɗaya ba ya kashe garmani. Sai an maimaita damina biyu, uku a jere kafin irin da ke ƙasa ya ragu. Ƙungiyar da ta yi shekara ɗaya ta watsar, ta yi wa garmani noma ne kawai.

Ko shi ma bai rasa ɗan amfani ba. Karansa na yin tsintsiya, ɓawonsa na yin igiya. Sai dai a yi hattara, kada a ɗauko shi da iri a kai gida, a watsa shi a hanya.

Icce: wanda za a cire da wanda za a raina

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. In an ce a gyara fili, sai a ɗauki gatari a kwantar da komai. Alhali a ƙasarmu fili marar icce shi ne ya fi saurin mutuwa. Abin da ake so shi ne sanin wa ke cin amanar fili, wa ke yi masa hidima.

Babban mai laifi a fadamu da bakin tabkuna shi ne iccen ƙayar nan na waje, prosopis, wanda a wasu wurare ake ce wa mugun kawa. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake. An shigo da shi ne da kyakkyawar niyya bayan manyan fari, don shinge da tsayar da yashi, saboda ba ya jin ƙishi. Sai ya wuce gona da iri. Ƴaƴansa na da zaƙi, awaki da shanu su ci, ƙwayar ta fita a kashinsu lafiya lau, ta tsiro duk inda ta faɗi. Yana haɗuwa ya yi duhu, haki ba ya fita ƙarƙashinsa, ƙayarsa na huda ƙafar bisa da tayar amalanke, saiwarsa kuma na bin ruwa can ƙasa. Bisar da ta daɗe tana cin ƴaƴansa zalla tana iya samun ciwon haƙora da na muƙamuƙi, ta rame.

In an sare shi a sama, kututturen zai fito da rassa da yawa fiye da da. Sai an tone gindin an sare shi can ƙasa da inda toho ke fita, a mayar da ƙasa a rufe. Ƙananan kuwa a tuge su tun suna ɗanye, da damina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manyan da ba a iya cirewa, a rage musu rassa a bar gangar jiki ɗaya, rana ta samu ta kai ƙasa. Itacen na yin makamashi mai kyau da gawayi, wato aikin na iya biyan kansa. Ƴaƴan kuma a tsince su, a niƙa a inji har ƙwayar ta fashe, a gauraya kaɗan cikin dusa. Ta haka bisa ta ci, ƙwayar ba ta sake tsira ba.

Tumfafiya da fataka su ma in suka yi yawa a fili, saƙo ne: ƙasa ta gaji. A rage su, amma a san cewa maganin yana ƙasa, ba a kan ganyen ba.

Sai kuma bayin Allah masu yi mana aiki ba lada. Gawo ya fi kowa. Da damina yana zubar da ganye, bai tare wa shuka rana, da rani ya yi kore ya ba bisa inuwa. Ganyen da ya zubar da kashin bisashen da suka huta ƙarƙashinsa su ne suka sa hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona. Ƴaƴansa kuma abinci ne na turka, har kasuwa ake kai su. Sabara da kalgo, da muke raina wa, suna tare ƙurar da iska ta ɗauko, gindinsu ya yi tudu mai taki. Wani bincike da aka yi a Senegal ya nuna saiwar sabara na jawo danshi daga can ƙasa da dare, hatsin da ke kusa da ita ya amfana. Ga aduwa, ga magarya, ga anza da ta ceci mutane a shekarun yunwa. Waɗannan ba a yi musu kallon ciyawa.

Hanyar zama da su ita ce sassaben zamani. In kututture ya yi toho goma, a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi, a sare sauran, a share wa waɗanda aka bari ƙananan rassa daga ƙasa, a ɗaura musu ƙyalle don kowa ya san da mai su. Rassan da aka cire su ne icce na girki. A Maraɗi aka fara yaɗa wannan dabara wajen 1983, ta hannun Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya, tare da manoman yankin. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa an rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da an dasa su ba. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa wanda ya raini icce a gonarsa haƙƙin amfana da shi. Duk da haka, gawo da aduwa na cikin itatuwa masu kariya, kuma a makiyayar gari ba a sa gatari sai an sanar da malaman daji. A kira su tun farko, su nuna abin da za a cire. Ya fi a biya tara bayan an gama wahala.

A filin haki, a bar itatuwa a warwatse, da tazara, yadda inuwar wani ba ta haɗu da ta wani ba. Haki na son rana, amma yana son abin da zai kare shi daga iska.

Darasin Illela

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1989, wani shiri na FIDA da ke aiki a Illela ta Nijar ya kai wasu manoma yankin Yatenga a Burkina Faso, inda suka ga ramukan da ake kira zai. A can ne manomin nan Yakuba Sawadogo ya yi suna da wannan aiki, har aka ba shi babbar kyauta ta duniya a 2018, shekara ɗaya da Tony Rinaudo. Mutanenmu suka dawo suka gwada a fakon Badagishiri da kewaye. Shi ne tassa da muka sani yau: rami mai faɗin taƙi ɗaya ko fiye, zurfin kamar taƙi, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu.

A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci aka ga bambanci, masu tassa suka girbe, maƙwabta suka tashi hannu wofi. Daga nan abin ya bazu daga gona zuwa gona, har fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi, masu bincike sun rubuta cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe garake.

Don makiyaya, rabin wata ya fi tassa dacewa. Ana zana shi da faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a tone ciki a yi masa kunya ta baya, a jera su saɓani yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Hekta ɗaya na ɗaukar 313. Ku yi lissafi: ƙungiya mai mata 30, in kowace ta tone ɗaya a rana, ko ta sa ɗanta ya tone mata, kwana 11 an gama hekta. A zuba taki, a watsa irin haki da ruwan farko mai ƙarfi, a tsakiya a sa icce ɗaya mai amfani.

Inda ba ƙarfin tono, akwai aikin gara. A shimfiɗa kara, rassan sabara ko garmanin da bai yi iri ba a kan fako tun da rani. Gara za ta zo ci, ta huda ƙasa, iska ta tara yashi da iri a wurin. Da damina sai ki ga tsiro inda shekaru ba a ga kore ba.

Taki: zubin da ƙasa ke jira

Ruwa kaɗai ba ya ƙosar da ƙasa. Mu masu turka muna da abin da take so a bayan ɗaki. Sai dai taki ɗanye na da illa biyu: rana na ƙone ƙarfinsa in an bar shi a fili, kuma yana ɗauke da irin garmani da na ƙaya. Shi ya sa ramin taki ya fi. A tone rami a inuwa, a jera shara da guntun kara, a bi da kashin bisashe, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake jerawa har ya cika, a rufe. Duk sati biyu a juya. Zafin da yake yi a ciki shi ke kashe yawancin irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, ya daina wari. A tsince leda da tsofaffin batura kafin a zuba. Ledar nan ita ce ke taruwa a tumbin tunkiya, tana ci tana ramewa.

Tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi ma taki ce: bayan an saki gonaki, garke ya sauka a fili ya kwana, ana matsar da shi daga gefe zuwa gefe, mai fili ya ba da hatsi ko abin da aka shirya. Fitsarin da ke shiga ƙasa nan take yana da ƙarfin da takin da aka ɗauko a amalanke ya rasa. Ƙungiya na iya ƙulla irin wannan da rugar da ke kusa, kuma zumuncin da za a samu zai yi rana lokacin da ake neman a tsare fili.

Ga mata da yawa, ainihin filin haki shi ne gamanar wake da gyaɗa. Wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsa, don haka in za a yi harawa a yanke shi da lauje a bar saiwar a ƙasa. Amma wake na da nasa buƙatar. Ƙasashenmu na da ƙarancin wani sinadari da malaman gona ke kira fosfor, wanda ke cikin takin zamani irin DAP da 15-15-15, da kuma garin dutsen fosfat na Tawa. Ba sai an watsa buhu ba. Masu bincike na ICRISAT a Sadore sun nuna cewa ɗan tsunkule da yatsa uku a kowane rami, giram 2 na DAP ko giram 6 na 15-15-15, na kawo bambanci. A sa shi ɗan gefe da iri, cikin ƙasa mai danshi, kuma tare da takin gida. Takin zamani shi kaɗai a ƙasa marar taki kamar shayi ne ga mai jin yunwa.

Yankan haki da ajiyarsa

Hakin da aka yanka yana kore, lokacin da ya fara fidda kai, wajen watan Satumba, ya fi wanda aka kwasa da manjagara a watan Maris nesa ba kusa ba. Na farkon abinci ne, na biyun cika ciki ne. A yanka da hantsi bayan raɓa ta bushe, a bar gindin kamar faɗin tafin hannu, a shanya kwana biyu ko uku ana juyawa, a kwashe kafin rana ta mayar da shi fari. A ajiye a rumfa ko ɗaki, bisa itace, nesa da ƙasa da gara. Hakin kirki in kin buɗe dami da rani za ki ga sauran kore, ki ji ƙamshi.

Kada a aske fili duka. A bar layi-layi ba a taɓa ba, su nuna su zubar da iri, kuma kowace shekara a sauya wurin. Wannan shi ne uwar kuɗi, ba a rabawa. Cikin Oktoba a tara irin kyasuwa da komayya a buhu. Na baɗi ne, kuma masu ayyukan gyaran ƙasa na neman sa da kuɗi.

A sani kuma cewa kwasar haki a makiyaya don sayarwa na da ƙa'ida. Dokar kiwo ta 2010 ta yi magana a kai, kuma hukumomi na da ikon tsara wuri da lokaci. A tambayi malamin dabbobi na kwamin kafin a ɗauki amalanke.

Takarda kafin diga

Wannan shi ne wurin da mata suka fi cutuwa. Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore. An sha ganin mata sun zuba ƙarfinsu shekara biyu, uku, fili ya farfaɗo, sai magada su tuna cewa na kakansu ne.

Tun 1993 Nijar ke da dokar ƙasar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, daga na gari, wanda mai gari ke shugabanta, zuwa na kwamin da na departema. In wani ya ba ƙungiya fili, a je gaban Kofo a rubuta: kyauta ce, aro ne, haya ce ko saye? In aro ne, shekara nawa? Itatuwan da aka raina na wa ne? A sa sunan ƙungiya, ba sunan shugaba ko mijinta ba. A kira magada su sa hannu. A ajiye takardar cikin akwati tare da littafin zubi.

In kuwa makiyayar gari ce ko burtali, ba mai mallakar su, kuma ba a shinge su. Abin da ake yi shi ne zama da mai gari, da ardo, da Kofo, da malaman daji, a amince a kan wane yanki za a hutar, damina nawa, wa zai yi gadi, wa zai yanki haki, nawa za a zuba a asusun gari. Makiyayin da aka yi shawara da shi, shi zai kore miki bisashen wani. Wanda aka rufe wa hanya ba a gaya masa ba, rigima ce aka shuka.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasarmu aka haife shi, a Maraɗi, a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Abin da ya riƙe shi har yanzu bai wuce zubi kaɗan-kaɗan ba fashi, da doka da kowa ke bi. Aikin ƙasa ma abin da yake so kenan.

A taron sati mai zuwa, uwar ƙungiya na iya kawo zancen a buɗe wani ɗan kaso kusa da na bashi da na taimako, a kira shi kason ƙasa. Da shi za a sayi diga, shebur da lauje na ƙungiya, a biya amalanken taki, a ba mai gadi ɗan abin goro. A fara da ƙaramin wuri, ko rabin hekta ne, wanda ido zai iya kaiwa.

Daga Janairu zuwa Maris a nemi fili da takarda, a cika ramin taki. Afrilu da Mayu a tone rabin wata, a yi sassaben zamani, a tone kututturan ƙaya. Da ruwa ya zauna a watsa iri. Yuli da Agusta a fita gayyar garmani, ko da rana ɗaya ce a sati. Satumba a yanki haki. Oktoba a tara iri. Hakin da aka ajiye kuma kada a taɓa shi sai bazara ta yi tsanani: a sayar wa ƴan ƙungiya da rahusa, abin da ya rage a kai kasuwa, kuɗin su koma akwati. Sakatariya ta rubuta dami nawa aka samu kowace shekara, don a gani da ido ko ƙasa na farfaɗowa.

Shekarar farko ba lalle a ga abin a zo a gani ba, kuma za a samu masu cewa mata sun rasa aikin yi. Haka aka ce lokacin da aka fara zuba dala-dala a akwati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in ƙungiyarku ta gwada, ko ta riga ta yi nisa, ku aiko mana da labari ta hannun wakiliyar yankinku, mu buga don wasu su koya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kiwonmu albarka.